Yadda Aikin Katako Ya Shiga Makaranta a Ƙasar Zuru

Ƙasar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta yi iyaka da Jihar Neja da ta Zamfara. Ƙasa ce mai duwatsu da kwazazzabai, tana kuwa samun ruwan sama fiye da Sakkwato da Argungu, saboda haka itatuwanta sun fi nasu tsawo da kauri. Mazaunanta na asali su ne Dakarkari, waɗanda ke kiran kansu Lelna, da Fakkawa da Dukkawa da Kambari da Bangawa, ga kuma Hausawa da Filani da suka daɗe tare da su. Zamanin Turawa an haɗa sarautu biyar, watau Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, aka yi musu En'e guda cikin Lardin Neja, wanda Razdan ɗinsa ke zaune Minna. A 1976 aka mai da ƙasar cikin Jihar Sakkwato, a 1991 kuwa da aka yanke Kebbi ta faɗo ciki. An san mutanen Zuru da noma da aikin soja, ko ina aka ambace su abin da a kan fara tunawa ke nan. Abin da za mu duba a nan shi ne yadda aikin itace ya tashi daga hannun masassaƙi ya koma na kafinta, da yadda ya shiga makaranta har ya kai ƙofar jami'a, da abin da ya faɗi a hanya ba a tsaya an ɗauka ba.

Kafin zuwan Turawa, a nan da sauran ƙasashen Arewa, aikin itace na masassaƙa ne. Kayan aikinsu ba su da yawa, gatari ne da gizago da kurfi da wuƙa, dukansu kuwa maƙerin garin ne ke ƙera su. Masassaƙi ba ya sayen itace a kasuwa. Shi da kansa ya kan shiga daji, ya zaɓi wanda ya ke so, ya kayar, ya datsa gunduwa-gunduwa, ya rage musu nauyi nan inda suka faɗi, sa'an nan ya ɗauko gida ya ƙarasa a inuwa. Daga hannunsa turmi ke fitowa, da taɓarya da akushi da muciya, da ƙotar fartanya da ta gatari, da allon almajirai, da 'yar kujerar nan ta mata. Ya san halin ko wane itace kamar yadda makiyayi ya san halin shanunsa. Ya san ƙirya ita ce ta turmi, gama tana da tauri da nauyi, maƙera ma gawayinta su ke nema. Ya san marke na ƙota ne, aduwa ta allo, maɗaci da kawo kuwa su ne na manyan ayyuka irin su jirgin ruwa da mutanen bakin Kwara ke fafewa. In azara a ke so ta rufin soro, sai giginya, don gara ba ta cin ta da sauƙi.

To, babban abin lura a cikin wannan sana'a shi ne, duk abin da masassaƙi ya yi daga gungume guda ya ke fid da shi. Ba ya haɗa wani itace da wani, ba ƙusa, ba gam. Kujerar tana kwance cikin gungumen tun tuni a ganinsa, aikinsa kawai ya sare abin da ba kujera ba ya zubar. Saboda haka ba ya bukatar takarda ko ma'auni. Siffar tana cikin kansa, awonsa kuwa taƙi ne da kamu da ido. Nufawa su suka kai wannan fanni matuƙa, gama a Bida da kewayenta a kan sassaƙa kujera mai ƙafafu takwas ko goma daga gungume guda, a zane samanta da ado, ba inda aka yi haɗi ko ɗaya.

Kada mai karatu ya ɗauka 'yar kujerar mata abin wasa ce don gajartarta. Tsawonta bai wuce taƙi guda ba, ko ya ɗara kaɗan, an kuwa yi ta haka ne da gangan. Murhu a ƙasa ya ke, ƙwarya da tukunya a ƙasa su ke, mace tana zaune bisa kujerar nan hannunta ya kai ga wuta da tukunya da tsintsiya ba tare da ta tashi ba. Ba ta da nauyi, yarinya ƙarama ta iya ɗaukarta daga madafa zuwa gindin rumbu. Wanda ya fara fid da wannan siffa ya auna jikin mace da aikinta ya daidaita su, ko da ya ke bai taɓa riƙe fensir ba. Maza kuwa tabarma ce wurin zamansu, ko buzu, ko wani gungume a ƙofar gida. Gado na kara ne ko na tukurwa, ko kuwa na ƙasa, wanda a wasu wurare a kan bar masa rami a ƙarƙashi a zuba garwashi lokacin ɗari. Ƙasar Zuru ba ta rasa masu ido ba. Wanda ya ga rumbunan Dakarkari, da siffofin yumɓu da matansu ke ginawa a ɗora bisa kaburburan manya, ya san mutane ne masu iya fid da siffa daga kansu.

Koyon sassaƙa gado ne. Yaro ya kan bi ubansa daji tun yana ɗaukar masa ruwa, a fara ba shi muciya da ƙota, in hannunsa ya faɗa a sake masa akushi, turmi kuwa sai ya yi ƙarfi. Ba a ce masa yau ga darasi. Yana gani yana yi, in ya ɓata a yi masa tsawa, har ranar da uban zai duba aikinsa ya yi shiru.

Da Turawa suka ci ƙasa a farkon ƙarni na 20 sai suka zo da wata bukata wadda masassaƙi ba shi da maganinta, ita ce ofis. Malamin zaure ya iya rubuta allo bisa gwiwarsa, har wasiƙar sarki ma haka a ke rubuta ta. Amma littafin haraji faffaɗa ne mai layuka da gidaje, ba ya buɗuwa bisa gwiwa, sai da tebur. Tebur kuwa yana kiran kujera mai tsawo, takardu suna kiran kabad mai makulli don gara da ɓera da masu dogon hannu, kotu da makaranta da asibiti suna kiran benci. Ba gungumen da za a fafe ya ba da kabad. Tilas a tsaga itace falanki-falanki, a goge, a auna, a huda wannan a fiƙe bakin wancan a zura, a buga ƙusa. Sunayen da kansu sun ba da labarin inda abin ya fito, gama kafinta da tebur da benci da kabad duk daga Turanci muka are su, alhali kujera da gado da turmi namu ne tun kaka da kakanni.

Kafintocin farko da suka yi wa Gwamnati aiki a Arewa yawancinsu mutanen Kudu ne da na bakin teku, domin can mishan sun riga sun fara koyar da sana'ar. Makarantar Hope Waddell ta Kalaba, wadda aka buɗe a 1895, tana koyar da kafinta tun farkonta. Da hanyar jirgin ƙasa ta bi ta Minna ta isa Kano a 1911, sai katakon kurmi irin su loko ya samu hanyar hawowa Arewa a tsage.

Wanda ya fara sa aikin kafinta cikin makarantar Gwamnati a Arewa shi ne Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa suna Ɗan Hausa. A 1909 ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, bayan birnin Kano, a cikinta kuwa akwai sashen sana'a inda a ke koyar da ƙira da dukanci da kafinta. Ra'ayinsa shi ne a ɗauko masu sana'ar gargajiya a kyautata abin da ke hannunsu, kada a raba su da shi. Daga baya aka buɗe makarantun sana'a a larduna. Wajen 1930, zamanin da Hussey ke shugabancin ilmi, aka haɗe su da makarantun lardi aka yi Midil, aikin katako ya zama darasi guda cikin darussa. Midil ta Lardin Neja a Bida ta ke, can yaran Zuru masu ƙoƙari su ke tafiya in sun wuce ajin farko.

A nan ne, a ganina, aka yi kuskuren da har yau ba a gama gyara shi ba. Yaro ya shiga ɗakin aikin hannu ya koyi riƙon zarto, ya yi akwati ko ɗan tebur, amma yana gani da idonsa cewa wanda ya ci lissafi da Turanci shi ke zama akawu ko malamin makaranta, ya sa riga mai tsabta, ya karɓi albashi mai kauri. Wanda aka ga kansa bai ɗauki karatu sosai ba shi a kan tura wajen katako. Cikin takardun albashin En'e ma haka abin ya ke, kafinta yana can ƙasa kusa da lebura, ko da shi ya yi teburin da a ke rubuta takardar a kai. Iyaye kuwa ba makafi ba ne. A ƙasar Zuru akwai kuma wata ƙofa da ta fi ko wace jan samari, ita ce ta soja. Cikin ɗaliban Bida da suka shiga soja a farkon shekarun 1960 akwai Muhammadu Magoro da Sani Sami, mutanen ƙasar Zuru, dukansu biyu sun kai Manjo-Janar, na biyun har ya hau sarautar Zuru. Yaron da ya ga irin wannan, wa zai ce masa ya tsaya goge falanki?

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi na farko ɓoyuwa. Kafintan En'e ba a tambayarsa yaya ya ga ya kamata tebur ya zama. Siffar ta kan zo ne daga Ma'aikatar Ayyuka a zane, ko a kawo samfuri guda a ce yi irinsa guda kaza. Tsawon kujera inci 17 ko 18, na tebur inci 29 ko 30, awon da aka yi don jikin Bature mai takalmi, mai ci da cokali, mai rubutu da alƙalamin ƙarfe. Kafinta ya ƙware ainun wajen bin awo, har wani ya fi wanda ya koya masa tsabtar hannu. Amma siffar ta bar kansa ta koma takardar wani. Masassaƙi shi ne mai tunanin abin, shi ne kuma mai yin sa. Da aka zo kan kafinta sai aka raba aikin biyu, aka ba shi rabi, aka riƙe rabi.

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945, abubuwa suka sake. Ƙasar Zuru tana cikin wuraren da aka fi ɗibar soja, da yawa sun je har Bama. Suka komo da 'yan kuɗi da akwatuna, sun saba da gadon bariki da benci, waɗansu kuma sun koyo sana'a a cikin soja. Mishan, waɗanda suka zauna a Zuru tun shekarun 1920, su ma suna bukatar benci da ƙyamare da tagogi. Kafinta ya fara samun masu saye waɗanda ba Gwamnati ba. A 1946 aka shigo da tsarin raya ƙasa na shekara 10, a ƙarƙashinsa aka buɗe makarantar koyon sana'a a Kaduna, daga baya aka yi irinta a Bukuru da Kano da Ilori. Yaro ya kan yi shekaru yana koyon kafinta na gini ko na kayan ɗaki, ya ɗauki jarrabawar City and Guilds ta Landan. A 1956 aka buɗe babbar makarantar fasaha ta Kaduna, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968.

Amma abin da ya raya sana'ar a garuruwa irin su Zuru, in za a faɗi gaskiya, aure ne. Da aka shiga al'adar uba ya yi wa 'yarsa kayan ɗaki na zamani, sai aka fara da gadon ƙarfe mai rumfa, aka koma na katako mai fomeka da madubi, aka ƙara da kabad na jere da kujerun kushin. Ko wace kaka, in an sayar da amfanin gona, kafinta ba ya barci. Yawancin masu wannan aiki ba su ga ƙofar makarantar sana'a ba. A wajen maigida suka koya, shekara uku ko biyar, suna farawa da miƙe tsofaffin ƙusoshi da guga da sanfefa. Siffa kuwa daga hoto a ke ɗaukarta. Dā kalanda ce da littafin tallan kamfani, yanzu wayar hannu. Uwar amarya ta nuna hoton gadon Turkiyya ko na Dubai ta ce irin wannan ta ke so, kafinta ya duba ya ce an gama.

To, ina jami'a a cikin wannan labari? A 1952 aka kafa Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, mai rassa a Zariya da Ibadan da Inugu. Wajen 1955 aka kawo sashen zane-zane da na tsara gine-gine Zariya, su ne kuwa suka shiga cikin Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe ta ran 4 ga Oktoba 1962. A wannan kwaleji ne waɗansu ɗalibai suka kafa ƙungiya a 1958, suna cewa bai kamata su yi ta kwaikwayon zanen Turawa kurum ba, sai su haɗa abin da suka koya da abin da suka gada. Ɗayansu, Demas Nwoko, ya fita ya shiga tsara gine-gine da kujeru da itacen ƙasa da hannun ma'aikatan ƙasa. Shi ya tsara majami'ar 'yan Dominikan ta Ibadan, a 2023 kuwa aka ba shi babbar lambar girma ta masu tsara gini a birnin Banis na Italiya. Ya nuna abin yana yiwuwa. Sai dai mutum guda ne, kuma Kudu ya koma da aikinsa. Da Zariya ta ware sashen tsara kayan masana'antu cikin shekarun 1970, abin da ya yi suna da shi tangaran ne da gilashi da saƙa da zanen ɗab'i.

Ya kamata mu leƙa waje kaɗan mu ga abin da a ke nufi da koyon tsara kayan ɗaki a babbar makaranta, don kada a zaci kafinta ne kawai aka sa wa babbar riga. A 1859 wani Bajamushe mazaunin Biyana, Michael Thonet, ya fid da wata kujera wadda a ke kira mai lamba 14. Itace shida ne a ke turarawa da tururi a lanƙwasa, a ɗaure su da 'yan sukurori. In ba a haɗa ba, kujera 36 na shiga akwati guda mai mita ɗaya ko ta ina, a aika da su ko wace ƙasa a haɗa a can. Kafin 1930 an sayar da wajen miliyan 50. Dubi fa, ba hannun kafinta ya jawo wannan ciniki ba, tunanin da aka yi kafin a taɓa itacen ne. A 1919 aka buɗe makarantar Bauhaus a Jamus, inda aka ce ko wane ɗalibin zane tilas ya shiga ɗakin aiki ya riƙe kayan aiki da hannunsa. A 1924 kuma Kaare Klint ya buɗe sashen kayan ɗaki a babbar makarantar fasaha ta Kofanhegan a ƙasar Danmak. Shi wannan malami ya kan sa ɗalibansa su auna mutum a tsaye da zaune, su auna faranti da riga da abin da za a ajiye cikin kabad, su kuma auna tsofaffin kujerun da suka daɗe suna amfani, kafin su zana ko layi ɗaya. Daga wannan aji ne ƙaramar ƙasa irin Danmak ta zama wurin da duniya ke zuwa sayen kujera. Abin da Klint ya sa a ke yi da ma'auni shi ne abin da masassaƙinmu ya yi da ido ran da ya daidaita 'yar kujera da murhu.

Mu kuwa a nan an sake gwadawa ta wata hanya. A 1982 aka fara tsarin ilmi na 6-3-3-4, aka ce ko wane yaro na ƙaramar sakandare zai koyi aikin katako da na ƙarfe da na lantarki. Aka sayo injuna masu yawa daga ƙasashen gabashin Turai, irin su Bulgeriya da Hangari, aka rarraba wa makarantu. Labarin abin da ya same su sananne ne. Makarantu da yawa ba su da lantarki, ba ɗakin da za a kafa injin, ba malamin da ya san shi, aka bar su cikin akwatunansu har suka yi tsatsa ko aka yi awon gaba da su. An sayo zarto ba a tanadi mai riƙe shi ba.

Yau yaron Zuru da ke son wannan fanni yana da hanyoyi, ko da ya ke ba wadda ta miƙe sosai. A garin akwai kwalejin kimiyya da fasaha ta Gwamnatin Tarayya. Makarantu irinta suna shirya yara don jarrabawar sana'a ta hukumar NABTEB, wadda aka kafa a 1992, kafinta da yin kayan ɗaki kuwa suna cikin sana'o'in da ta ke jarrabawa. In ya wuce nan ya iya zuwa kwalejin horon malaman fasaha, irin ta Bici ko ta Gwambe, ya karanta aikin katako. In digiri ya ke so, Jami'ar Fasaha ta Minna, wadda aka kafa a 1983, tana da sashen horon malaman sana'a, aikin katako yana cikin rassansa. In kuwa ilmin itacen kansa ya ke bi, sai ya nufi sashen gandun daji, irin na Jami'ar Ibadan da aka buɗe a 1963, ko na Akure. Mai karatu ya lura da yadda abin ya warwatse. Wancan yana fid da malamin makaranta, wannan yana fid da ma'aikacin daji, mai zane yana can wani gini dabam, mai shago kuwa yana bakin kasuwa bai san ɗayansu ba. Ga kuma tsohon ciwon nan na fifita mai digiri bisa mai babbar difiloma a wajen aiki, wanda jikan bambancin akawu da kafinta ne.

Wani zai ce, to, me jami'a za ta gaya wa mutumin da ya shekara 20 yana yin gado? Ga misali guda. Ko wane magidanci a Arewa ya san ƙofar da ke ƙin rufuwa da damina, ta kuma saki da rani har a hango waje ta tsaginta. Ya san tebur da ke tsagewa da hunturu, da kujerar da ƙafarta ke girgiɗi bayan shekara guda. A kan ce kafinta ne ya yi ha'inci, wani lokaci kuwa haka ne. Amma asalin abin ruwa ne. Itace ɗanye cike ya ke da ruwa, ko ya bushe ma yana shan laima daga iska yana kumbura, yana saki yana tsukewa. Ba ya tsukewa ta tsawonsa sai kaɗan ƙwarai, ta faɗinsa ya ke yi, kuma falankin da aka tsaga ta gefen gungume ya fi wanda aka tsaga ta tsakiya motsi, kusan ninki biyu. Katakon da aka tsaga a kurmi, inda iska ke da laima, in aka kawo shi Zuru aka yi aiki da shi nan take, to, yana jiran iskar hunturu ne kawai. Masu ilmin abin su kan busar da katako a jere da tazara, ko cikin ɗakin zafi, su auna ruwan da ya rage da na'ura har ya sauko wajen kashi 8 zuwa 12 cikin 100, sa'an nan su tsara haɗin yadda faffaɗan falanki zai samu wurin motsi cikin firam ɗinsa ba tare da ya tsage ba. Kujerar masassaƙi ba ta girgiɗi don ba ta da haɗi. Ran da aka fara haɗa itace da itace, ran nan aka shiga bukatar wannan ilmi, shi ne kuwa ba ya cikin hoton da uwar amarya ke nunawa.

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta kafa Jami'ar Aikin Gona a Zuru, a mazaunin tsohuwar kwalejin aikin gona ta garin. Noma aka kafa ta dominsa, amma itace ma amfanin ƙasa ne kamar dawa da gero, sai dai shi ya fi su jinkirin nuna. Da ni a ke shawara, da na ce a fara da abin da ba ya cin kuɗi da yawa. A tara kujeru da turame da akusa na tsofaffin gidaje a Dabai da Riba da Mahuta, a auna su a zana su tun masu sassaƙa su suna da rai. A gwada doka da maje da kawo da maɗaci a rubuta yadda ko wanne ke bushewa da yadda ya ke karɓar haɗi. A kuma buɗe ƙofa ga masu shago su shigo su koyi karanta zane da yin nasu, ko ba su da takardar sakandare.

Dalilin gaggawa kuwa shi ne dajin ba ya jira. Gawayi da faɗaɗa gonaki sun ci manyan itatuwa, sauran dazukan da suka rage wajen Wasagu da Sakaba kuma 'yan bindiga sun sa shigarsu ta zama kasada cikin 'yan shekarun nan. Kafintoci da yawa sun koma ga malaina, wadda baƙuwa ce daga Asiya, da falankin garin katako da a ke matsewa a masana'anta a shigo da shi daga waje, wanda in ruwa ya taɓa shi ya kan kumbura ya rugurguje. Benci kuwa kujerar roba ta kore shi daga wajen biki da taro.

Labarin madobiya ya isa misali. Itace ne na irin dajinmu, mai fure rawaya da rani, mai jan ƙaro kamar jini, Filani suna sassabe ganyensa su ba shanu in ciyawa ta ƙare. Wajen 2013 'yan kasuwar ƙasar Sin suka gano cikinsa ya yi kama da jan itacen da su ke yin kayan ɗaki masu tsada da shi, wanda ya kusa ƙarewa a dazukan Asiya. Aka shiga sara ba ji ba gani, musamman a Kogi da Taraba, a datsa gungume a yi masa kusurwa huɗu, a loda a mota zuwa Ikko, har Nijeriya ta zama kan gaba cikin ƙasashen da ke aika wa Sin irin wannan itace. Mai sara a ƙauye abin da ya ke samu bai taka kara ya karya ba. A can kuwa a kan busar da shi, a tsaga, a yi kujeru da tebura bisa siffofin da aka gada tun zamanin sarakunan Ming, waɗanda suka yi mulki daga 1368 zuwa 1644, a haɗa su mace da namiji ba ƙusa ko ɗaya, a sayar da su da tsada mai yawa. A farkon 2017 aka sa madobiya cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta duniya ke sa wa ido, a ƙarshen 2018 kuma aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya, bayan manyanta sun riga sun ƙare a wurare da yawa.